Addinin yaro a makarantar hafsoshin soja: amsa ga wani uba daga Agege

Tambaya: Wani bawan Allah mai sana'ar shanu a Abbatuwa, Agege, ya rubuto cewa ɗansa ya gama sakandare a nan Legas, ya kuma nace sai ya nemi shiga NDA, makarantar hafsoshin soja da ke Kaduna. Wasu a masallacinsu sun ce kada ya yarda, wai soja ba ya samun yin sallah, ana aske masa gemu, sannan ana cakuɗa shi da mutanen da za su riƙa faɗin maganganun banza a kan Musulunci. Yana son sanin gaskiyar wannan, da kuma abin da ya kamata yaro ya yi idan wani ya ci zarafin addininsa a gabansa: ya haɗiye ne ko ya rama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya maka shi, ya yi masa albarka. Na yi aikin soja har na ajiye kaki, na koyar a makarantun horo, na kuma sha zama a kwamitin da ke sauraron laifin ɗalibai, saboda haka abin da zan faɗa maka ba hirar majalisa ba ce. Ka bar shi ya nema. Amma ya tafi da saninsa, domin a cikin abin da mutanen masallacinku suka faɗa akwai wanda babu shi, akwai kuma wanda gaskiya ne.

Maganar cewa soja ba ya sallah, wannan kam babu ita. Ba sai ka je Kaduna ba. Barikin Ikeja, barikin Ojo, Bonny Camp, barikin Dodan da ke Obalende, duk akwai masallaci akwai coci a cikinsu. Rundunar sojin ƙasa tana da sassa uku na harkar addini: na Musulunci, na Kiristoci 'yan Katolika, da na sauran Kiristoci. Limaman da ke sashen Musulunci sojoji ne, da yawansu hafsoshi ne masu anini a kafaɗa, albashinsu daga gwamnati yake fitowa, aikinsu kuwa shi ne limanci, ɗaurin aure, raɗin suna, jana'iza da nasiha. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini da bayyana shi. Sakin layi na biyu na wannan sashe ya hana a tilasta wa ɗalibi a kowace makaranta karɓar darasin wani addini ko halartar ibadar da ba tasa ba. Babu wanda zai sa ɗanka layi zuwa coci ranar Lahadi.

Inda wahalar take shi ne lokaci. Ɗalibin shekarar farko ba shi da ikon kansa. Tun duhun asuba aka tashe shi, sai gudu, sai fareti, sai aji, sai gwale-gwalen manyan ɗalibai, ga barci da yunwa sun dame shi. A cikin makaranta, yaro mai himma yana samun sallolinsa ko da a gaggauce. A daji, lokacin atisaye, abin ya fi tsanani. A nan ne ilimi yake amfani. Shari'a ta tanadi ƙasaru da haɗa salloli ga matafiyi, ta tanadi taimama ga wanda ya rasa ruwa, kuma aya ta 102 a Suratun Nisa'i ta koya wa mayaƙa yadda za su yi jam'i kashi-kashi alhali abokan gaba na fuskantarsu. Addinin da ya yi wa mai yaƙi wannan tanadi bai manta da ɗalibin soja ba. Haka azumi: akwai rangwame ga marar lafiya da matafiyi, a rama daga baya. Ya kai tambayarsa ga limamin makaranta, kada ya ɗauki fatawa daga ɗan shekara ta uku don kawai ya riga shi shiga. Kuma idan yana azumi ranar da za a yi doguwar tafiya a ƙasa da kaya a baya, ya sanar da malamin horo. Na ga yaran da suka zube a fili saboda sun ɓoye, ƙishirwa a cikin zafin Kaduna kuwa tana iya taɓa ƙoda.

Abu guda zan roƙe ka ka ja masa kunne a kai. Akwai yaran da ke mayar da masallaci mafaka, su shige su kwanta don gudun aiki. Idan aka kama ɗaya, sai a fara zargin duk wanda ya ce zai je sallah. Wanda ya yi wannan ya cuci 'yan'uwansa Musulmi fiye da yadda wani na waje zai cuce su.

Gemu kuwa, gaskiya ne. Za a aske shi, har da gashin kai, kuma babu roƙon da zai hana. Ku zauna da malamin da kuka amince da iliminsa ku yanke shawara tun yanzu, kada sai yaro ya isa can zuciyarsa ta rabu biyu. Wannan takaddama ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka, a 1986, kotun ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa rundunar sama na da ikon hana wani hafsa Bayahude mai suna Simcha Goldman sa 'yar ƙaramar hularsu ta addini da kaki. Shekara guda bayan haka majalisar dokokinsu ta yi dokar da ta halatta irin wannan sutura muddin ba ta hana aiki. Sai a 2017 sojin ƙasansu suka sauƙaƙa ba da izinin gemu, rawani da hijabi. Kotun ƙolin Indiya a 2016 ta goyi bayan rundunar sama a kan hana wani Musulmi ajiye gemu. Turkiyya ta ɗage haramcin ɗankwali ga mata sojoji a 2017, Afirka ta Kudu ta gyara dokar kakinta a 2021 bayan shari'ar Manjo Fatima Isaacs. A nan gida, a 2022, hukumar 'yan sanda ta amince mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hula, wanda a ganina mataki ne mai kyau da bai rage wa kowa ƙwazo ba. A watan Yunin shekarar ne kuma kotun ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas, bayan shari'ar da aka sha kaye a babbar kotu a 2014 aka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a 2016. Ka lura da hanyar da duk waɗannan canje-canje suka bi: kotu, majalisa, ko shugabannin runduna. Babu guda da ya samu saboda ɗalibi ya ƙi bin oda a filin fareti. Kuma hukuncin Legas a kan makarantun farar hula aka yi shi. Shi soja, sashe na 39 na kundin tsarin mulki da ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki ya ambace shi ƙarara cikin waɗanda doka za ta iya taƙaita wa wannan 'yanci.

To me ya sa ake taƙaita wa soja abin da ba a taƙaita wa ɗan kasuwa ba? Wannan ita ce tambayar da nake so yaronka ya fahimci amsarta, domin idan ya gane ta, sauran duk za su zo masa da sauƙi. Dalilin shi ne muƙami. A Abbatuwa, idan wani ya tare ka da wa'azin addininsa, kana iya cewa ka gode ka wuce. A makarantar soja, wanda ya girme ka da shekara ɗaya tak yana iya sa ka tsallen kwaɗo har ƙafarka ta ƙi ɗaukarka, yana iya hana ka barci, yana iya rubuta rahoton da zai bi ka. Idan irin wannan mutum ya ce maka ka zo taron addu'armu da daddare, kalmar gayyata ce, amma kunnen ƙarami oda yake ji. Maganar da ba ta da laifi tsakanin tsara biyu tana zama tilas idan ta fito daga sama zuwa ƙasa.

Amurkawa sun sha fama da wannan. Har zuwa 1972 dole ne ɗaliban manyan makarantun hafsoshinsu su halarci ibada, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta soke tilascin. A 2005 rigima ta tashi a makarantar hafsoshin sojin sama da ke jihar Kolorado, inda ɗalibai, musamman Yahudawa, suka yi kukan cewa wasu malamai da manyan ɗalibai na matsa musu da wa'azin Kiristanci. Kafin nan har mai horas da 'yan ƙwallon makarantar ya rataya kyalle a ɗakin sa kaya yana kiran 'yan wasan tawagar Yesu. Kwamitin da Laftanar Janar Roger Brady ya jagoranta ya ce bai ga wariya ta fili ba, amma ya ga mutane da yawa ba su san inda iyaka take ba tsakanin bayyana imani da ɗora shi a kan na ƙasa. A 2014, a wannan makaranta dai, wani ɗalibi mai riƙe da shugabanci ya rubuta ayar Baibul a allon da ke ƙofar ɗakinsa, aka yi ƙorafi, aka goge, ƙasar ta rabu biyu: wasu na cewa an danne masa haƙƙi, wasu na cewa allon yana kan hanyar da na ƙasa da shi ke bi kullum. Ni a ganina aya a ƙofar ɗaki ba ta kai abin ƙorafi ba, ko ta Baibul ce ko ta Alƙur'ani. Abin da za a duba shi ne ko mai ayar yana bambanta yaransa wajen aiki, horo da rahoto. Amma na fahimci abin da ya sa shugabanni ke ɗar-ɗar.

Mu a Najeriya dalilinmu na ɗar-ɗar ya fi nasu nauyi. Mun ga juyin mulkin Janairu da na Yulin 1966 lokacin da hafsoshi suka fara kallon juna da idon yanki, da yaƙin da ya biyo baya. A nan Legas, ranar 22 ga Afrilun 1990, aka kai hari barikin Dodan a yunƙurin juyin mulki, Manjo Gideon Orkar ya shiga rediyo ya ce ya cire Sakkwato, Barno, Katsina, Kano da Bauchi daga Najeriya. Waɗanda suke Obalende da Ikoyi a lokacin ba su manta da wannan safiya ba. Shi ya sa sashe na 217 na kundin tsarin mulki ya wajabta a ɗebo hafsoshi da sojoji daga kowane ɓangare na ƙasa, shi ya sa NDA, tun kafa ta a 1964, take cakuɗa yaran a bataliya ɗaya, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Ɗalibin sojin ƙasa da ke kwas na yau da kullum shekara biyar zai yi da waɗannan mutane. Bayan nan zai jagoranci sojoji talatin ko fiye, wataƙila rabinsu ba Musulmi ba, zai kuma ba su odar da za ta iya zama ajalinsu. Idan suna zargin yana fifita masu sallah a bayansa, ba za su bi shi da zuciya ɗaya ba.

Don haka mudun da muke so a auna mana da shi, da shi za mu auna wa wasu. Ranar da ɗanka ya zama babba, kada ya tara ƙananan Kiristoci ya yi musu wa'azi alhali ba su da bakin cewa a'a. Kada ya sassauta wa mai suna Abdullahi ya tsananta wa mai suna Emmanuel. Idan Lahadi ta yi ya sallame su su tafi coci a kan lokaci, kamar yadda yake so a sallame shi ranar Juma'a. Wanda ya zo da kansa yana tambaya game da Musulunci, ya amsa masa da kyau, ya kai shi wurin liman.

Yanzu ga babbar tambayarka. Yaron da ya tashi a Agege ba baƙon baƙar magana ba ne, ya sha jin ta a mota da kasuwa. Yana kuma da wata riba da ɗan'uwansa na ƙauyen Arewa ba shi da ita: ya girma cikin Yarabawa, inda a gida ɗaya za ka samu Alhaji da fasto uwa ɗaya uba ɗaya, ana Sallah tare ana Kirsimeti tare. Amma dole ya iya rarrabe abin da kunnensa zai ji, domin ba duk abin da ya sosa rai ne cin zarafi ba.

Mafi yawan abin da zai ji rashin sani ne. Yaro daga wani ƙauye a Kudu da bai taɓa zama da Musulmi ba zai tambaye shi ko gaskiya ne ana koya musu kashe wanda ba nasu ba. Tambayar da zafi, amma mai ita neman sani yake, abin da ya ji a gida ya maimaita. Ya zaunar da shi ya amsa masa. Sau da yawa irin waɗannan su ne suke zama aminai, har su riƙa tashinka sahur. Akwai kuma ra'ayin da za a faɗa a aji: malami ko ɗalibi ya soki aiwatar da shari'a a jihohin Arewa, ko tsarin almajirci, ko ya danganta ta'addanci da wa'azin wasu malamai. Wannan muhawara ce. Hafsan da ba zai iya jin ra'ayin da ya ƙi ba tare da jijiyar wuyansa ta tashi ba, bai shirya riƙe bindiga da mutane ba. Ya ɗaga hannu ya kawo hujja. Idan ba shi da ita ranar, ya je ya karanta ya dawo. Sai tsokana, irin a kira shi Boko Haram ana dariya. Karo na farko ya kalli mutumin ya ce masa, cikin sanyin murya, ba na son wannan suna, kada ka ƙara. Yawanci a nan take tsayawa, musamman idan an ga bai fusata ba. In ta ci gaba, ta zama abin kai ƙara.

Na ƙarshe, wanda ba ya yawan faruwa amma yana faruwa, shi ne zagi da gangan ga Allah, ko Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wulaƙanta Alƙur'ani. Na san abin da wannan ke yi wa zuciyar Musulmi, domin tawa zuciyar ma haka take. Ba zan ce masa kada ya ji zafi ba. Abin da zan ce shi ne kada hannunsa ya motsa.

Farko ya tabbatar. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Da kunnensa ya ji, ko an ce ne? Hoton saƙon WhatsApp da aka turo masa, wa ya ga asalinsa? A 2017 an wayi gari da rubutun cin mutuncin baƙar fata a ƙofofin ɗalibai biyar a makarantar share fagen shiga waccan makaranta ta Kolorado. Shugaban babbar makarantar, Laftanar Janar Jay Silveria, ya tara dubban ɗalibai ya yi jawabin da ya zagaya duniya. Bayan 'yan makonni bincike ya nuna ɗaya daga cikin yaran biyar ne ya rubuta da hannunsa. Da a ce a daren farko an kama wani da zato an lakaɗa masa duka fa? A ƙasarmu kuwa mun san farashin gaggawa. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 daga wani taron wa'azi a kwalejin ilimi ya faro, kafin a ankara ya kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. A Mayun 2022 ɗalibai suka kashe Deborah Samuel a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a kan saƙon murya, fadar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan. Ko malaman da suka fi tsananta hukuncin mai zagin Annabi, a hannun alƙali da shugaba suka bar shi, bayan shaida da shari'a. Babu mazhabar da ta miƙa shi ga taron masu fushi. To waɗancan ɗaliban farar hula ne. Ka ƙiyasta irin wannan a makarantar da ke da ɗakin ajiye makamai.

Idan ya tabbata, ya faɗi magana ɗaya a fili: wannan cin zarafin addinina ne, ban yarda ba, kuma zan kai ƙara. Sai ya bar wurin. Abin da aya ta 140 a Suratun Nisa'i da ta 68 a Suratul An'am suka ce ke nan, idan ana izgili da ayoyin Allah kada a zauna tare da masu yi har sai sun canza zance. Lokacin da wasu Yahudawa suka karkatar da sallama suka yi wa Annabi fatan mutuwa, Nana A'isha ta mayar musu da la'ana, shi kuwa ya ce mata ta bi a hankali, Allah yana son tausasawa a cikin dukkan al'amari. Shi aka yi wa, kuma ga abin da ya koyar.

Sai ya rubuta abin da ya faru tun bai manta ba: rana, lokaci, wuri, kalmomin da aka faɗa yadda aka faɗe su, da waɗanda ke wurin. Idan cikin shaidun akwai Kirista, ya fi ƙarfi, kuma za ka yi mamakin yawan waɗanda za su tsaya su faɗi gaskiya. Ya kai wa hafsan da ke kula da rukuninsu, ya kuma sanar da liman. Dokar rundunonin soja, a sashe na 103, ta hukunta duk halin da ke ɓata tsari da ladabin aiki, cin zarafin addinin abokin aiki kuwa yana shiga nan kai tsaye. Makarantun horo suna da nasu dokokin, hukuncinsu na iya kaiwa ga mayar da ɗalibi baya ko kora.

Abubuwa biyu ne suke halaka yaran da ke da gaskiya. Na farko duka. Da zarar ya kai hannu, shari'ar ta juye, ya zama shi ne mai laifi, wancan ya zama wanda aka zalunta. Na zauna a kan irin wannan, na ga yaro mai hazaƙa ya tattara kayansa ya koma gida, wanda ya tsokane shi ya samu hukunci mai sauƙi, domin abin da ya faɗa babu shaida, kumburin fuskarsa kuwa kowa ya gani. Har yau abin yana damuna. Na biyu gayya. Kada ya je masallaci ya tara 'yan'uwa a ce yau babu mai fita fareti sai an hukunta wane. A jami'a wannan zanga-zanga ce. A soja, mutum biyu ko fiye su haɗa baki su bijire wa oda, sunansa tawaye, kuma ka tuna a 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji da dama hukuncin kisa a kan tawaye, kafin daga baya a mayar da shi ɗauri. Kowa ya kai ƙararsa shi kaɗai, da sunansa. Haka kuma kada ya tura hoton saƙon zuwa waje. Soja na da dokar amfani da kafafen sada zumunta, kuma abin da ya fita Facebook ba ya dawowa, yana iya tayar da wutar da za ta ci mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, a Kaduna ko a Mile 12 ta Legas.

Kada ka fahimce ni da cewa ya haɗiye. Ban yarda da masu cewa soja ba ya ƙorafi ba. Yaron da ya yi ta haɗiye wulaƙanci shekara biyar zai fito hafsa mai ƙullaci, wata rana kuma a kan wani marar laifi zai sauke. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Kuma ƙorafi ta hanyarsa yana aiki. A 2012, a wata kwalejin manyan hafsoshi da ke Norfolk a Amurka, wani malami, Laftanar Kanar Matthew Dooley, yana koyar da darasin da ke ɗaukar Musulunci kansa a matsayin abokin gaba, har da batun kai hari Makka da Madina. Ɗalibi guda ne cikin hafsoshin ya kai ƙara. Aka dakatar da darasin, babban hafsan hafsoshinsu Janar Martin Dempsey ya yi tir da shi a bainar jama'a, aka cire malamin daga koyarwa. A farkon shekarar ma, wani janar mai ritaya, William Boykin, da ya yi suna wajen sukar Musulunci, ya janye daga jawabin da zai yi a taron addu'a na makarantar hafsoshin sojin ƙasa ta West Point bayan ƙungiyoyin tsofaffin sojoji da na Musulmi sun nuna rashin amincewa. Babu wanda ya jefi kowa da dutse.

Idan mai zagin babba ne, ko shi ne wanda ya kamata a kai wa ƙarar, nan ne amfanin liman yake fitowa. Liman hafsa ne, yana da ƙofar shiga wurin kwamanda wadda ɗalibi ba shi da ita, kuma shi da fadan Katolika da fasto sun saba zama su kashe irin wannan wuta tun tana ƙarama. Dokar soja ta kuma tanadi hanyar ɗaukaka koke zuwa sama idan na kusa ya ƙi saurara. Ga 'yan'uwana hafsoshi da ke karanta wannan: wanda aka kawo wa irin wannan ƙara ya ce a je a manta, ya yi sakaci da aikinsa, ko yaron Musulmi ne ko Kirista.

Shi ma ya kiyaye harshensa. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su zagi Allah cikin rashin sani. Kalmomin da muka saba jefawa a tsakaninmu, irin su arne, abokan kwas ɗinsa daga Filato, Kudancin Kaduna, Adamawa da Taraba suna jin Hausa sarai, kuma suna yi musu ciwo kamar yadda tasu ke yi mana. Idan ya yi wa Baibul ko gicciye ba'a, dokar da za ta kare shi ita ce za ta kama shi, kuma daidai ne ta kama shi.

Kai kuma, Alhaji, idan wata rana ya kira ka ransa a ɓace, kada ka ƙara masa wuta, kada kuma ka kai maganar majalisar Abbatuwa ko ka nemi wani babban mutum ya buga waya. Ka tambaye shi ko ya gaya wa liman, ko ya rubuta, ko akwai shaida. Kafin ya tafi, ka sa wani malami ya bi masa babin sallar matafiyi, taimama, shafa a kan huffi da rangwamen azumi har ya iya su da ka. Ka shirya masa takardar shaidar asalin jiha da ƙaramar hukuma da wuri, tunda da ita ake rabon gurabe, ko da a Legas aka haife shi. Sannan ka nemi izini a ƙofa ku yi Juma'a ɗaya a masallacin barikin Ikeja, ba shi da nisa da ku, bayan an sallame ku gaisa da liman, yaron ya yi masa tambayoyinsa da bakinsa.